Takalmin Wasan Tarihi a Maraɗi: Tambayoyi da Amsoshi

Idan ƙungiyar teyatur, ƴan lakwal ko masu shirya fim suka tashi kwaikwayon zamanin Ɗan Kasawa ko zuwan Nasara, kuɗin kan ƙare a rawani, riga da takobi, a bar ƙafa sai daren wasa. Shi ya sa za ka ga barde cikin lifidi, ka sunkuyar da ido ka tarar da silifar roba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu shirya irin wannan wasa suka fi maimaitawa.

1. In an ce takalmi na asali, tsoho ake nufi?

A'a. Iri uku ne ke yawo a hannun masu wasa. Akwai tsoho na gaske, wanda aka gada a gidan sarauta ko gidan dukawa. Wannan na kallo ne da ɗaukar fasali, ba na sawa ba (tambaya ta 19). Akwai sabo da baduku ya ɗinka yau, amma da fatar jimar bagaruwa, rinin gargajiya da ɗinkin hannu, bisa fasalin wancan zamani. Sai na uku, mai kama daga nesa: samansa fata, ƙasansa soso, an manne da kol, wato gam.

Na biyun shi ne abin nema. Na ukun ma yana da wurinsa, a ƙafar ƴan cika fili da ke can baya, inda idon ɗan kallo ba ya kai. Amma in da kyamara a wurin, kada a yarda da shi ko a baya, domin kyamara tana jawo abin da ido ya yafe.

2. Daga ina ake farawa?

Daga shekara da matsayi. Kafin a taka ƙafa kasuwa, a zauna a rubuta sunan kowane ɗan wasa, shekarar da labarin ya faru, da ko shi wane ne a cikinsa: sarki, bafade, barde, ɗan baka, malami, falke, manomi, bawa, soja. Takalmin da ya dace da Ƙaura, shugaban mayaƙa, a 1890 kuskure ne a ƙafar zaginsa a ranar guda.

Shekarun da wasanninmu suka fi taɓawa kaɗan ne. Faɗuwar Birnin Katsina a hannun masu jihadi a 1807. Kafuwar sarautar Katsinawa a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajajen 1819. Yaƙin Gawakuke a 1836 da kafuwar Tsibiri bayansa. Zamanin Sarkin Katsinan Maraɗi Ɗan Baskore. Ratsawar ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899. Ambaliyar 1945 da ta tashi tsohon gari daga fadama zuwa tudu. Sai kafuwar jamhuriya a 1958 da samun ƴancin kai a 1960. Daga 1807 zuwa 1899 takalmin gargajiya bai canza sosai ba, don haka saiti guda zai yi muku wasanni da yawa. Bayan 1899 ne ake bukatar lura shekara da shekara, saboda kayan Turawa sun fara shigowa (tambaya ta 15 da ta 16).

3. Waɗanne irin takalma mutanen ƙarni na 19 suke sawa?

Wanda ya fi yawa shi ne fade: shimfiɗaɗɗen ƙasa na kirgi, hanci da ke shiga tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, da madauri biyu da suka taso daga gefe suka haɗu a bayan ƙafa. Ba shi da tudun dunduniya. Na talaka ba ado, na mai hali an lulluɓe madaurin da jar fata, an yi masa zane ko ɗinkin ado. Kubutai rufaffu ne ta gaba, ana zura ƙafa, na malamai da attajirai. Sufadu laushi ne kamar safar fata, ana sa shi a cikin wani takalmin, a tuɓe na waje a bakin zaure ko masallaci a shiga da shi. Kurufa dogo ne na hawan doki. Dangarafai na itace ne, na taka caɓi da damina. Sai faffaɗan takalmin Abzinawa, mai faɗin ƙasa don kada ya nutse a rairayi, wanda ya dace da masu ayarin gishiri da mayaƙan Abzin.

Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya bi ta Tasawa da Gazawa a watan Janairun 1851 kan hanyarsa ta Katsina da Kano, ya rubuta cewa bayan tufafi, takalmi ne kayan sana'ar Kano da ya fi nisan kasuwa, kuma mafi kyawunsa, da ake ce wa taka-saraki, wuri 200 ne. Amfanin wannan ga mai wasa shi ne, falke ko bafaden Maraɗi da takalmin ɗinkin Kano ba kuskure ba ne.

Sunayen nan suna sauyawa daga gari zuwa gari. Abin da baduku na Damagaram ya sani da suna kaza, na Tsibiri yana iya kiransa da wani. Ku tafi da hoto, kada ku tafi da suna kawai.

4. Kowa ne zai sa takalmi?

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa, kuma gyaransa kyauta ne. Manoma, yara, bayi, mata a cikin gida da yawancin dakarun ƙasa ƙafa ba takalmi suke tafiya, ko su rataya fadensu a kafaɗa sai an zo wurin ƙaya ko ƙasa ta yi zafi. Ayarin mutum 30 da kowa ke da sabon takalmi bai yi kama da ƙauyen 1850 ba.

Sannan ga ladabin fada. Mai zuwa gaisuwa yana tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa kafin ya ce ranka ya daɗe. In an yi zaman fada a wasa, tarin takalma a bakin zaure ya fi takalma a ƙafa gaskiya. Wannan ma rangwame ne ga asusun ƙungiya: ƙafa biyar ko shida masu kyau a jere a bakin ƙofa sun wadatar.

5. To tafiya ba takalmi ba haɗari ba ce ga ƴan wasa?

Haɗari ce in ba a shirya ba, don ƙafar ɗan birni ta yau ba ta da kaushin ta kakansa. A share filin sau biyu, da tsintsiya sannan da ido, a tsince kwalba, ƙusa, waya, tsidau da ƙarangiya. Da bazara, wajen Afrilu da Mayu, rairayin rana tsaka yana tayar da bororo a tafin ƙafa cikin mintuna kaɗan. A yi wasan da safe ko bayan la'asar, ko a yayyafa ruwa rabin awa kafin a fara. Kowa ya tabbatar da rigakafinsa na tetanus. Mai ciwon sukari kuwa ba ya tafiya ba takalmi ko na minti biyar, a ba shi rawar da take da fade.

6. A ina za mu ga na gaske mu kwaikwaya?

Gani ya kori ji. Mafi kusa shi ne hawan Sallah a fadar Sarkin Katsina a Maraɗi da fadar Sarkin Gobir a Tsibiri. Ku tsaya inda mahaya ke sauka, ku dubi ƙafar tsofaffin barade, ba ta samari ba; samari da yawa but ɗin roba ko kambas suke hawa da shi yanzu. Bayan Sallah a nemi izini ta hannun wani bafade, a roƙi ganin tsofaffin kayan doki da ke ajiye. A tafi da goro, da ma'auni, da takarda.

Gidan tarihi na ƙasa Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yana da ɗakin tufafin gargajiya, kuma akwai dukawa masu aiki a harabarsa. Damagaram tana da nata gidan tarihi, Kano tana da Gidan Makama. A intanet, gidan tarihin Quai Branly na Paris da British Museum na Landan sun sa hotunan kayan da ke hannunsu, da shekarar da kowane ya shiga ajiya. Wannan shekarar ita ce abin dubawa: takalmin da ya shiga ajiya a 1905 shaida ce kan ƙarshen ƙarni na 19, wanda ya shiga a 1970 ba shaida ba ce. A lura kuma da hotunan Turawan mulki, don sau da yawa an jera mutane ne an sa su cin ado domin hoton.

7. Wa zai ɗinka mana, kuma yaya ake cinikin?

A babbar kasuwar Maraɗi, musamman Litinin da Juma'a, da cibiyar masu sana'ar hannu, za ku sami masu sayar da balka da sauran takalman fata. Yawancin na kan tebur an yi su ne don sawar yau, da ƙasan soso da tudun dunduniya, don haka ba saye za ku yi ba, aiki za ku bayar. Wanda ake nema shi ne baduku mai kayan doki, mai ɗinka sirdi, linzami, kube da layu, domin hannunsa bai bar basilla ba. Masu doki sun san su. Ku tambayi duk wanda ke hawa da Sallah wa ke yi masa gyara. In aikin ya fi ƙarfin na gida, musamman kurufa mai ado, Damagaram da kasuwar Kurmi ta Kano ne wuraren da aka saba kaiwa.

Ku ba da aiki aƙalla mako shida kafin wasa, kuma kada ya faɗo cikin azumi ko gab da babbar Sallah, lokacin da aikin hawa ya rufe su. A fara da ƙafa ɗaya ta gwaji, a sa ta kwana uku, sannan a ba da sauran. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin fata da rini, cikon sai an karɓi kaya. Kuma a faɗa masa tun farko cewa za a biya ladan ɗinkin hannu daban. In kun matsa masa kan farashi, ba zai yi muku gardama ba, keke da kol zai koma, araha kuwa ba ta ado.

Galibin dukawan nan dattawa ne. Wanda ya shiga da “Baba, ga abin da muka gani a hoto, yaya kuka san shi?” ya fi wanda ya shiga da umarni samun aiki mai kyau, kuma sau da yawa dattijon zai gyara muku abin da hoton ya ɓoye.

8. Yaya ake gane fatar jimar bagaruwa daga ta kamfani?

Jimar gargajiya tana bin matakai sanannu: a jiƙa fata, a tsoma ta ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a sa ta cikin fataka ko kashin kaji ta yi laushi, sannan a jiƙa ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, ta akuya kwanaki kaɗan, kirgi ya fi daɗewa. Daga nan a shafe ta da mai, a ja, a buga. Ta kamfani kuwa da gishirin kurom ake jeme ta, dabarar da ta bazu a Turai da Amurka daga shekarun 1880.

Gwaji huɗu ne, kuma ukun farko ana yinsu a tsaye a rumfa da ɗan guntu. Ka yanka ka dubi bakin yankan: ta bagaruwa ruwan ƙasa ce har ciki, ta kurom tana da shuɗi-shuɗi mai toka a tsakiya. Ka ɗiga ruwa: ta bagaruwa tana sha nan take wurin ya yi duhu, ta kamfani ruwan kan tsaya a kai. Ka ƙona: ta bagaruwa tana barin baƙin gawayi, ta kurom tana barin toka mai kore-kore. Na huɗu sai an koma gida: ka jiƙa guntun ka ɗora masa ƙusa ya kwana, in bagaruwa ce za ka tarar da baƙin shatin ƙusar da safe. Hanci ma yana taimakawa, don ƙamshin bagaruwa ba ya ɓuya ga wanda ya taɓa wucewa ta majema.

Leda mai kama da fata ba ta bukatar wannan wahala. Juya bayanta, za ka ga saƙar yadi.

9. Wace fata ce ta wane wuri?

Ƙasan takalmi kirgi ne na sa, falle biyu ko uku, kowane kaurin milimita 3 zuwa 4, daga gadon bayan dabba. Fatar ciki tana miƙewa ta lanƙwashe. Madauri cikinsa kirgi siriri, a lulluɓe shi da ta akuya. Kurufa, sufadu da saman kubutai na akuya ne. Nan Maraɗi ta yi sa'a, domin fatar jar akuyarmu tana cikin waɗanda suka fi suna a duniya wajen laushi da ƙarfi, irinta ce fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Fatar tunkiya ta fi araha amma tana ɓarewa falle-falle, ta shafi ce kawai. Fatar kada, mesa da guza a bar su. Adon kasuwar ƴan yawon buɗe ido ne.

10. Wane launi ya halatta?

Ja daga karan dafi, wato kuben ganyen wata irin dawa da ake dakawa a jiƙa da ruwan kanwa ko toka. Jansa mai duhu ne, ya karkata ga ruwan goro. Baƙi daga kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera ko guntayen ƙarfe cikin ruwa mai tsami, ƙarfen ya haɗu da bagaruwar da ke jikin fata ya yi baƙi, daidai abin da ya faru a gwajin ƙusa na tambaya ta 8. Rawaya daga gangamau ko saiwar rawaya. Kore daga garin jan ƙarfe, kuma da yake yana da wuya, ƴan siraran layuka ake yi da shi a ado, ba a rufe takalmi da shi.

Galura, rinin kanti, a 1856 aka fara haɗa irinta a Ingila, kuma sai zamanin Turawa ta cika rumfunan dukawa. Jan galura yana ƙyalli kamar jan tumatir. Shuɗi mai haske, ruwan hoda, ruwan zinariya da fenti mai sheƙi duk ba na ƙarni na 19 ba ne. Karan dafi yana da aibi guda: yana zuba. Gumi ko raɓa suka taɓa shi, sai ka ga jan shati a ƙafar farin wando. A goge sabon takalmi da busasshen tsumma har tsumman ya daina ɗaukar launi, a shafa mai kaɗan, a sake gogewa.

11. Me za mu hana baduku sawa?

Soso da roba a ƙasa, tudun dunduniya, zip, maƙale mai ƙaiƙayi, ƙusoshin ado masu sheƙi, idon igiya na ƙarfe, lambar ƙafa da aka buga, da zaren nailan, wanda bai shigo duniya ba sai ƙarshen shekarun 1930. Ana gane nailan da ashana: yana narkewa ya dunƙule, na auduga yana ci ya zama toka. Ɗinki ya kasance da siririn zaren fata, ko jijiya, ko zaren auduga da aka murza aka shafa wa kakin zuma. Ɗinkin keke yana tona kansa, tsawonsa ɗaya kamar an auna. Na hannu yana ɗan rawa.

Fallayen ƙasa a ɗinke su zagaye, ɗinki biyu zuwa uku a kowane santimita, kuma a tsaga ɗan kwari a fallen da ke taka ƙasa don zaren ya kwanta ciki. In ba a yi kwarin ba, tsakuwa tana cinye zaren cikin mako biyu, takalmi ya buɗe baki. Hanci kuma a ratsa shi ta fallen sama a ɗaure tsakanin fallaye, kada kullin ya fito ƙasa. Nan ne fade ya fi tsinkewa, kuma a tsakiyar gudu yake yi.

12. Yaya ake awo?

Da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Mutum ya tsaya a kan kwali da nauyinsa duka, wani ya zagaya da fensir a tsaye cak, ƙafa biyun duka, don da wuya su zo daidai. A sa alama tsakanin babban yatsa da na biyu, nan hanci zai fito. A ƙara santimita 1 a gaba, rabin santimita a gefe da baya. A auna kewayen ƙafa da zare a gindin yatsu da kan tudun ƙafa, a rubuta a jikin kwalin tare da sunan mai ƙafar. Madauri ya ɗan matse ranar farko, domin fatar bagaruwa tana saki. Wanda ya zauna daidai a rumfa zai yi sako-sako bayan mako guda.

13. Kurufa fa? Me ya bambanta shi da but ɗin hawa na Turawa?

Kurufa laushi ne tun daga sama har ƙasa, yana kai gwiwa ko ya haura, ba shi da tudun dunduniya, ƙasansa ba kauri. Dalili yana ga likkafa: likkafar gargajiya faffaɗa ce, tana ɗaukar tafin ƙafa gaba ɗaya, ita ce ƙasan takalmin. Ado yana gaban ƙwauri da bakin sama, na fata kan fata ko ɗinkin alharini. Wasu ana ɗinke musu ƙaimi a dunduniya, wasu ɗaura shi ake yi. Ba takalmin tafiya ba ne. Barden da zai sauka ya yi doguwar tafiya a wasa sai a tanadar masa abin da zai zura a kai.

A awo, bayan na tambaya ta 12, a ƙara uku: kewayen sha-raɓa a kan wandon da za a hau da shi, tsawo daga ƙasa zuwa gwiwa, da kewaye daga dunduniya zuwa wuyan ƙafa ta gaba. Na ƙarshen shi ne mai hukunci, tun da ba zip: in ya gaza, ƙafa ba ta shiga ko da an yi ta ja.

Gargaɗi mai nauyi: kada a hau da kurufa a kan siririyar likkafar zamani. Ba dunduniyar da za ta tare, ƙafa tana iya zarcewa ciki, in mahayi ya faɗi doki ya ja shi. Ko dai likkafar gargajiya, ko a haƙura da kurufan. Kuma likkafa mai tsatsa tana baƙanta jiƙaƙƙiyar fata, tabon ba ya fita. A kankare ta a shafa mai kafin hawa.

14. Mai fitowa a sarki zai iya sa takalmin gashin jimina?

Tarihin Kano ya danganta shi da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, tare da kakaki da figini, kuma har yau alamar sarauta ce. Saboda haka ba kayan wasa ba ne da za a ɗinka don kawai ya yi kyau. In sarkin da ake kwaikwaya na Maraɗi ne ko na Gobir, a tambayi fadar da abin ya shafa me sarakunanta ke sawa, a kuma nemi yardarta. Jiminar dajin Nijar ta kusa ƙarewa kuma doka ta kare ta, don haka gashin ya zama na jiminar kiwo, ko a yi dabara da wani baƙin gashi.

15. Sojojin Faransa da hafsoshinsu fa?

A 1899, sojojin baƙar fata da Faransawa suka zo da su, masu jar dara, yawanci ƙafa ba takalmi suke ko da fade. Sa musu but a wasan Lugu ko Dankori, garuruwan da ayarin Voulet da Chanoine ya bi, kuskure ne. Haka sojan Ingilishi da suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Hafsoshi Turawa ne ke da dogon but na fata, ko guntun takalmi mai igiya da kuben fata a ƙwauri.

Mazan jiyan da suka je yaƙin 1914 da na 1939 sun sa guntun takalmi mai igiya da ya tsaya a idon sawu, fatarsa ba sheƙi, ƙasansa kirgi mai ƙusoshi, irin samfurin 1917, da naɗin ƙwauri na ulu, tsawonsa ya haura mita 2, faɗinsa kamar santimita 10, ana naɗawa daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa. Ranjas mai maɓalli biyu a wuya samfurin 1952 ne, kuma na farkon ruwan ƙasa ne, baƙin ya zo daga baya. Pataugas na yadi da ƙasan roba daga 1950 ya fara. Duk wasan da ya gabaci waɗannan shekaru ba ruwansa da su.

Hanya mafi sauƙi ita ce bosho, wato gwanjo: a nemi guntun but na fata mara zane a baki, mara soso a wuya, a kai wa mai gyaran takalmi ya cire ƙasan roba ya sa na kirgi, a kankare sheƙin da takardar yashi mai laushi a shafa mai. Ƙusoshin suna santsi a kan siminti da tayil, in a dandamali za a yi wasan a bar su.

16. Takalmin taya da na roba, daga yaushe?

Na taya sai da motoci suka yawaita, zamanin cinikin gyaɗa. Ya dace da manomi ko ɗan dako na shekarun 1950 zuwa sama. Silifa da takalmin roba na kanti a bar su ga wasan bayan samun ƴancin kai.

17. Mata me za su sa?

Mafi yawa ba komai, sai lalle da munduwa. Matan fada, mai sarautar Iya da amare su sa fade mai ado, ƙarami, ja da baƙi, da damina kuma dangarafai. Abin da ke ɓata ƙafar mata a wasa ba takalmin ba ne, lallen ne: zanen fulawa da baƙin rini na yau ya saɓa wa ƙunshin da, inda ake lulluɓe tafin ƙafa da gefenta gaba ɗaya a ɗaure da ganye. A yi ƙunshin kwana biyu kafin wasa, a kuma goge jan farce na kanti.

18. Sabo ya yi sabo da yawa. Yaya za a tsufar da shi?

Da sawa. A raba wa ƴan wasa takalmansu mako biyu kafin rana, su riƙa zuwa gwaji da su, awa ɗaya ranar farko, ana ƙarawa. Hakan yana kashe tsuntsu biyu: ƙafa ta saba, takalmi ya ɗauki shatin yatsu da duhun gumi, abin da fenti ba ya iya kwaikwaya. Inda madauri ke cizo a jiƙa shi kaɗan ta ciki a sa har ya bushe a ƙafa. In lokaci ya ƙure, a shafa man shanu kaɗan, a barbaɗa ƙasa da toka, a murza a kakkaɓe. Na sarki da na amarya kada a tsufar da su.

19. Muna da kurufan kakanmu a gida. Mu ba da aronsa?

Kada ku bayar don sawa. Fatar da ta shekara 80 ta bushe har ciki, ƙafa ɗaya ta shiga ɗinkin ya bi ta. A ɗauki hotonsa ta gaba, gefe, baya da ƙasa, da ma'auni a kusa; a kira baduku gida ya duba ya ɗauki fasali a takarda, ba tare da ya farke komai ba. Kada a wanke shi, kada a kwarara masa mai don ya yi laushi, goga mai taushi ta isa. A rubuta sunan mai shi, sarautarsa da yaƙi ko hawan da aka san ya je da shi, a ajiye tare, don rabin darajarsa a wannan labarin take. Masu zagayen sayen tsofaffin kaya za su zo da tayi. A tuna cewa tun 1997 Nijar tana da dokar kare kayan tarihi, fitar da irinsu waje sai da izinin hukuma.

20. Bayan wasa, yaya ake ajiye su har baɗi?

A kakkaɓe, a bar su su sha iska a inuwa kwana ɗaya. Wanda ya jiƙe kada a shanya shi a rana ko kusa da wuta, fatar bagaruwa tana ƙanƙancewa ta yi tauri kamar ƙaho, kuma ba ta dawowa. A shafa man shanu ko man kaɗe, kwatankwacin ƙwayar gyaɗa ga kowane fade, sau ɗaya kafin hunturu ya fara tsattsaga su; mai da yawa yana jawo ɓera da fumfuna. Kurufa a cusa masa takarda ko tsumma a rataye shi ta baki, kada a ninke, don wurin ninkin ne ke karyewa. A ɗaure kowane biyu tare, a maƙala kwalin awon mai shi, a sa a buhun yadi, ba leda ba, a rataye nesa da bango saboda gara. A tsakiyar damina, wajen Agusta, a sauke buhun a duba. In farin fumfuna ya fara, a goge da busasshen tsumma a bar su a inuwa mai iska kwana biyu kafin a mayar.